TAURA BIYU: AIKI DA KARATUN SARRAFA GIDAJE A ABUJA

Duk wanda ya san Abuja ya san unguwar Kado, ko da kuwa albarkacin kasuwar kifinta ce, wadda ake zuwa daga sassa dabam-dabam na birnin. Unguwar tana cikin kashi na biyu na tsarin birnin tarayya, tana maƙwabtaka da Jabi da Jahi da Gwarimpa. Wanda ya zaga cikinta zai ga mazauni iri-iri kusa da juna. Akwai rukunin gidajen da Hukumar Gidaje ta Tarayya ta gina, akwai sababbin rukunai na kamfanoni masu katanga da ƙofa da masu gadi, sa'an nan ga tsofaffin ƙauyukan Gbagyi irin su Kado Kuchi, inda 'yan asalin wurin suke zaune tare da baƙi masu ƙaramin ƙarfi.

Abin da idon mai wucewa ba ya gani shi ne, kowane ɗaya daga cikin waɗannan rukunai yana tsaye ne a kan wuyan waɗansu mutane. Akwai mai karɓar haya da kuɗin hidima, da mai lura da famfo da rijiyar burtsatse, da mai biyan masu gadi da masu kwashe shara, da mai sasanta mai gida da ɗan haya idan rigima ta tashi. A ofisoshin gwamnati kuma akwai masu duba zanen gini, da masu ajiye takardun filaye, da masu lissafin bashin gida. Da yawa daga cikinsu ba wannan aiki suka karanta ba. Wani akawu ne, wani ya karanci tarihi, wani dillali ne da ya gaji sana'ar, aiki ne kawai ya kai su. To, irin waɗannan mutane su ne suka fi kowa bukatar ilimin gina gidaje da sarrafa su, su ne kuma ba za su iya ajiye aiki su koma makaranta ba, domin iyali na jiran cefane. Hanyar da ta rage musu ita ce su yi karatun suna cikin aiki.

YADDA AKA FARO

Kafin mu shiga batun karatun, ya kamata mai karatu ya san inda matsalar ta samo asali. A watan Fabrairu na 1976 ne gwamnatin marigayi Janar Murtala Muhammed ta kafa dokar da ta ƙirƙiro sabon babban birnin tarayya, bisa shawarar kwamitin Mai Shari'a Akinola Aguda. An kammala babban tsarin birnin a 1979, aka kasa shi kashi-kashi, kowane kashi da gundumomi, kowace gunduma da unguwanni masu makaranta da kasuwa da asibiti. Ranar 12 ga Disamba 1991 gwamnatin Janar Ibrahim Babangida ta taso daga Ikko ta tare a Abuja.

Tun kafin wannan lokaci gwamnatoci sun sha ɗaukar alkawarin gidaje. An kafa Hukumar Gidaje ta Tarayya a 1973, ita ce kuma ta gina garin Festac a Ikko. A shirin raya ƙasa na uku, na 1975 zuwa 1980, an yi niyyar gina gidaje 202,000, amma abin da aka gina bai kai kashi 20 cikin 100 ba. Da Alhaji Shehu Shagari ya hau mulki a 1979, sai ya sa gidaje cikin manyan manufofinsa, aka tsara gina 40,000 kowace shekara, watau 2,000 a kowace jiha da kuma birnin tarayya. Har yau ana kiran waɗannan unguwanni da sunansa a garuruwa da dama. Sai dai an gina waɗansunsu nesa da gari, babu ruwa babu hanya mai kyau, suka daɗe babu kowa a ciki. Kuɗi an kashe, siminti an zuba, abin da ya yi ƙaranci shi ne mutanen da za su tambaya tun farko: wa zai zauna a nan, nawa yake samu, a ina yake aiki, wa zai riƙa gyara?

A Abuja kuwa wani sabon al'amari ya ƙara fito da wannan gibi fili. A zamanin Shugaba Olusegun Obasanjo, gwamnati ta yanke shawara a 2003 cewa za ta daina ba ma'aikata gida, ta riƙa ba su kuɗi a madadinsa. Daga nan aka sayar da dubban gidajen gwamnati a birnin, lokacin da Malam Nasiru El-Rufa'i yake ministan Abuja. Ma'aikata da yawa sun mallaki muhalli ta wannan hanya, abin farin ciki ne. Amma bene guda mai gidaje shida ko takwas, wanda a da ma'aikata ɗaya ke lura da shi, sai ya wayi gari da masu shi shida ko takwas. Rufin na kowa ne, matakala ta kowa ce, ramin masai na kowa ne, kuma abin da yake na kowa shi ne ba shi da mai shi. In rufi ya fara yoyo, na sama ya ce a haɗa kuɗi, na ƙasa ya ce shi ruwa bai taɓa shi ba.

ABIN DA AKE KOYARWA

Mutane da yawa in sun ji an ce ilimin gidaje sai su ɗauka aikin magini ne ko na mai zanen gini. Alhali kuwa fanni ne da ya tattaro ilimi daga wurare da dama, ya ɗaure su wuri guda.

Na farko shi ne dokar ƙasa. Dokar Amfani da Ƙasa ta 1978 ta danƙa filayen kowace jiha a hannun gwamna, ya riƙe amana a madadin jama'a. A birnin tarayya kuwa ƙasar duka ta Gwamnatin Tarayya ce, ministan Abuja ne ke ba da izinin mallaka, yawanci na shekara 99, mai fili kuma yana biyan harajin fili kowace shekara. Wanda bai san wannan ba zai iya kwashe tarin shekara goma ya sayi fili da takardar da ba ta da tushe, ya yi gini, ranar da motar rusau ta zo ya rasa mai share masa hawaye. Ɗalibin wannan fanni yana koyon yadda ake bin diddigin takarda a ofishin AGIS, inda ake ajiye bayanan filayen Abuja, da yadda ake neman izinin gini kafin a haƙa harsashi.

Na biyu shi ne lissafin kuɗi. A 1992 aka kafa Asusun Gidaje na Ƙasa, inda ake cire kashi biyu da rabi cikin 100 na albashin ma'aikaci, Bankin Lamunin Gidaje na Tarayya yana riƙe da kuɗin, yana ba da rance a kan ruwa kashi 6 cikin 100, a biya har tsawon shekara 30. Bari mu yi misali. In mutum ya ranci naira miliyan 10 bisa wannan sharaɗi, zai riƙa biyan kusan naira 60,000 kowane wata. In kuwa ya ranci kuɗin nan a wani wuri kan ruwa kashi 25, a biya cikin shekara 10, abin da zai biya a wata ya haura naira 220,000. Masana suna ba da shawarar kada kuɗin gida ya wuce sulusin abin da mutum ke samu, watau ko rancen mai sauƙin ma sai mai samun naira 180,000 a wata. Sai mai karatu ya tuna cewa mafi ƙarancin albashin da aka sa wa hannu a 2024 naira 70,000 ne. Wannan ɗan lissafi kaɗai ya isa ya bayyana dalilin da ya sa ake ganin manyan gidaje a kulle cikin Abuja, alhali ƙananan ma'aikata suna tururuwa kowace safiya daga Nyanya da Mararaba da Masaka da Suleja. Ana kuma koyar da hanyoyin da babu ruwa a cikinsu, kamar haya mai ƙarewa da mallaka, waɗanda suka ƙara samun gindin zama tun da bankin Jaiz ya fara aiki a 2012.

Na uku shi ne sanin gini kansa. Ba a ce ɗalibi ya zama injiniya ba, amma lalle ya iya karanta zane, ya san bulo mai kyau da wanda aka cika wa yashi, ya san abin da tsagewar bango ke nufi, ya san inda ruwan sama zai bi in an toshe lambatu. Hausawa sun ce tun ran gini ran zane. Yawancin wahalar da mai kula da rukunin gidaje ke sha an shuka ta ne tun ranar da aka zana rukunin.

Na huɗu, wanda shi ne zuciyar abin, shi ne riƙon gidaje bayan an tare. A nan ake koyon tsara kasafin shekara, da ware wani abu a gefe domin babban gyara, da rubuta yarjejeniyar haya, da sanin haƙƙin kowane ɓangare. Alal misali, bisa dokar da ke aiki a Abuja, in ba a yi wata yarjejeniya dabam ba, mai hayar shekara yana da haƙƙin sanarwar wata shida kafin a tashe shi, mai hayar wata kuma wata ɗaya, sa'an nan a ƙara masa sanarwar kwana bakwai kafin a tafi kotu. Mai gidan da ya cire rufi ko ya watsar da kayan ɗan haya ya taka doka, ko da kuwa ana binsa bashin haya.

INA AKE KARATUN?

Jami'ar Badun tana cikin waɗanda suka ba wannan fanni suna nasa na kansa, a sashenta na tsara birane da yankuna, inda ake yin digiri na biyu kan gina gidaje da sarrafa su. A sauran wurare ana samun ilimin ne ƙarƙashin sassan da ke kusa da shi, watau sashen sarrafa gidaje da filaye, da na tsara birane, da na gini. Jami'ar Fasaha ta Tarayya da ke Minna, da Jami'ar Ahmadu Bello ta Zariya, da Jami'ar Bayero ta Kano, da Kwalejin Kimiyya da Fasaha ta Kaduna duk suna da waɗansu daga cikin waɗannan sassa.

Shi kuwa karatu tare da aiki ba baƙon abu ba ne a ƙasar nan. Iyayenmu da yawa sun ci jarrabawar Jami'ar London ta hanyar wasiƙa, suna malanta ko akawu da rana, suna karatu da fitilar ƙwai da dare. An kafa Cibiyar Malamai ta Ƙasa a Kaduna a 1976 domin malamai su ƙaro ilimi ba tare da sun bar aji ba. Gwamnatin Shagari ta kafa Buɗaɗɗiyar Jami'a ta Ƙasa a 1983, gwamnatin soja ta dakatar da ita a 1984, aka farfaɗo da ita a zamanin Obasanjo. Hedkwatarta tana Jabi, kusa da Kado ƙwarai. Jami'ar Abuja ma, wadda aka kafa a 1988, tun asali an ɗora mata nauyi biyu, koyarwa a aji da koyarwa daga nesa. Ga kuma Jami'ar Jihar Nasarawa da ke Keffi, inda ma'aikatan Abuja da yawa ke zuwa neman babban digiri. Sai dai kowace makaranta da darussan da take bayarwa ta wannan hanya, suna kuma sauyawa daga shekara zuwa shekara, saboda haka wajibi ne mai nema ya je da ƙafarsa ya tambaya.

TAURA BIYU

Magabata sun ce taura biyu ba ta taunuwa, kuma duk wanda ya haɗa aiki da karatu ya san gaskiyar wannan magana. Mutum zai tashi daga ofis da yamma a gajiye, ya tarar da cunkoson motoci, ya isa gida yara suna jira, sa'an nan ya buɗe littafi. Asabar da kowa ke zuwa biki ko gaisuwa shi yana aji. Kuɗin makaranta da na mota da na littattafai duk daga albashi guda suke fita. Ga mace kuwa nauyin ya ninka, domin hidimar gida ba ta san lokacin jarrabawa ba, in ba ta sami miji da dangi masu tallafa mata ba, abin sai ya gagara. Karatun kuma ya fi na ɗalibin da ke zaune a makaranta daɗewa, wanda ba shi da haƙuri sai ya yar da shi a tsakiya, kuɗi ya tafi, takarda ba ta samu ba.

Duk da haka, a wannan fanni musamman, ma'aikaci yana da wata riba da yaron da ya fito daga sakandare ba shi da ita. Shi wurin aikinsa shi ne ɗakin gwajinsa. In malam ya yi bayanin yadda ake raba kuɗin hidima tsakanin mazauna ranar Asabar, ranar Litinin zai zauna da takardun rukuninsu ya gwada. In aka yi maganar magudanar ruwa, ya san lungun da ke cika duk damina. In aka zo rubuta kundin bincike, ba sai ya ƙago matsala ba, tana nan a kan teburinsa tana jiransa. Malamai su ma suna ƙaruwa, domin irin wannan ɗalibi yana kawo musu labarin abin da ke faruwa a fili, wanda ba lalle ya yi daidai da abin da ke cikin littattafan da aka rubuta a Ingila ba. Gani ya kori ji.

HATTARA DAI

Akwai ramuka a kan wannan hanya, ya kamata a san su tun kafin a biya ko kwabo.

Da fari, a tabbata hukuma ta amince da makarantar da kuma darasin kansa. Ta jami'a ita ce Hukumar Kula da Jami'o'i ta Ƙasa, ta kwalejojin fasaha kuma hukumar ilimin fasaha ce mai hedkwata a Kaduna. Ba wasa ba ne, domin a 2012 hukumar jami'o'i ta taɓa dakatar da irin wannan karatu a jami'o'in ƙasar nan baki ɗaya, saboda yadda waɗansu suka mai da shi hanyar tara kuɗi, suna ɗibar ɗalibai fiye da ƙima. Daga baya aka ci gaba bisa sharuɗɗa. Duk cibiyar da ta buɗe a saman shago tana cewa reshen wata jami'a ce mai nisa, a yi mata kallon tsanaki.

Na biyu, ma'aikacin gwamnati ya nemi izini a rubuce kafin ya fara. Wanda ya yi karatu a ɓoye yana iya kawo takardarsa a ƙi sa ta cikin fayil ɗinsa, wahalarsa ta tashi a banza wajen ƙarin girma.

Na uku, a san cewa digiri dabam, lasisin sana'a dabam. Ƙungiyar masu ƙiyasta darajar gidaje da filaye ta Nijeriya ta kafu a 1969, aka kuma kafa hukumar yi musu rajista da doka a 1975. Masu tsara birane su ma suna da tasu hukumar tun 1988. Wanda bai bi matakansu ya yi rajista ba, ba shi da ikon kiran kansa da sunan sana'ar ko sa hannu a takardar ƙiyasi, komai yawan digirinsa. Saboda haka mai son zama ƙwararre ya tambaya ko darasin da zai shiga yana kaiwa ga rajista.

Na huɗu, matasa su sani cewa wanda ya yi digirin farko ta wannan hanya ba a tura shi yi wa ƙasa hidima, takardar keɓewa ake ba shi.

DARASI DAGA NESA DA KUSA

A Ingila wata mata ce mai suna Octavia Hill ta fara mai da riƙon gidaje sana'a. A 1865 ta karɓi waɗansu lalatattun gidajen talakawa a London, tana zuwa karɓar haya da kanta kowane mako, tana gyara abin da ya lalace, tana sanin halin kowane ɗan haya. Matan da ta horar a bakin aiki su ne tushen ƙungiyar ma'aikatan gidaje ta ƙasar. A Singafo kuwa an kafa hukumar gidaje a 1960, yau kusan kashi 80 cikin 100 na mutanen ƙasar a gidajen da ta gina suke zaune, kuma sirrin abin shi ne ba a gina bene a juya masa baya.

Mu ma ba sai mun je nesa ba. A ƙasar Hausa akwai Sarkin Magina, akwai gwanaye irin su Babban Gwani Muhammadu Durugu, wanda ya gina masallacin Juma'a na Zariya a ƙarni na 19. Gidan ƙasa na tubali da azara yana iya shekara ɗari a tsaye, amma da sharaɗi guda: kowace shekara kafin damina mai gida zai sa a yi yaɓe, a duba soro, a gyara indararo. Kakanninmu sun san cewa gini ba ya ƙarewa ranar da aka tare. Zuwan siminti ne ya sa muka ɗauka an huta da gyara, ga shi kuwa muna ganin gidajen da ba su kai shekara talatin ba sun fi na kakanninmu tsufa.

KIRA

Saboda haka muna kira ga hukumomin da ke da hannu a harkar gidaje, da kamfanonin da ke gina rukunai a Kado da Gwarimpa da Lugbe da sauran unguwanni, su ɗauki karatun ma'aikatansu a matsayin jari. Sassauta wa ma'aikaci rabin yini a mako, ko biya masa rabin kuɗin makaranta, bai kai kuɗin sake rufin bene guda da sakaci ya lalata ba. Jami'o'inmu na Arewa kuma su duba yiwuwar buɗe wannan darasi da sunansa, na yamma ko na ƙarshen mako, tun daga ƙaramar difloma, domin dillali da mai kula da gida da sakataren ƙungiyar mazauna su sami ƙofar shiga. Kano da Kaduna da Katsina da Sakkwato duk suna cika da sababbin rukunan gidaje, abin da ya sami Abuja yana nan tafe gare su.

Shi kuma ma'aikacin da ke jin shekaru sun ja, ya tuna gemu ba ya hana ilimi. Ya zauna da iyalinsa su yi shawara, ya lissafa kuɗinsa da lokacinsa, ya binciki makarantar, ya nemi izini, sa'an nan ya sa kai. Gidan da mutum ya tara gumin rayuwarsa ya saya amana ce a hannun duk wanda aka ba riƙonsa, amana kuwa ba ta riƙuwa da kyakkyawar niyya kaɗai sai da sani. Allah ya ba masu nema sa'a, ya sa mu dace.